Zoben da Fari Ke Tonawa

Ranar da zoben ya sake fitowa a gonar Roland Maslen, Hilda Ponting ce ta fara ganinsa. Ba abin mamaki ba ne. Shekara tara ke nan tana hawa tudun bayan ƙauye duk lokacin da alkama ta fara nuna, ta tsaya ta zuba wa gonar nan ido har ƙafarta ta gaji. Tsohuwa ce mai shekara saba'in da bakwai, ga ciwon gwiwa, ga sanda. Mutanen ƙauye sun ɗauka motsa jiki take yi, har likita ya yaba mata. Wane irin motsa jiki! Mijinta take nema.

A shekarar an yi farin da tsofaffi ma suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Tun watan Mayu ruwa ya ɗauke. Ciyawa ta ƙone a kan tuddai har farin alli ya leƙo ta ƙarƙashinta, tumaki suna ta kuka, alkama ta yi ja tun ba ta gama cika ba. To a tsakiyar wannan jan ne, can ƙasa, Hilda ta hango zobe kore shar, zagayayye tsaf kamar an kifa kwano an zana bakinsa. Ta dafa sanda da hannu biyu ta ce, "Ga ka nan, Percy. Ka ga dai yadda ka bari na tsufa."

Bari in koma baya kaɗan, don wanda bai san Percy ba ba zai gane komai ba.

Percy Ponting direban tarakta ne a gonar gidan Maslen tun yana saurayi har ya mutu. A zamaninsa akwai wani tudu a tsakiyar wannan gona, irin waɗanda ke warwatse a ƙasarmu daga nan har tsayayyun duwatsun Avebury, kaburburan mutanen da ba wanda ya san ko da wane harshe suke magana. Uban Roland, tsoho Maslen, tudun nan ya tsaya masa a wuya, wai yana hana garma tafiya a miƙe. Tudun kuwa yana cikin waɗanda gwamnati ta rubuta ta ce kada a taɓa. Oho! Wata ranar Lahadi, kowa yana coci, ya aro katafila ya ɗora Percy a kai ya ce ya baje shi. Percy ya baje. Da bakin katafilar ya kai tsakiya sai ya fasa wata tukunyar yumɓu, toka da gutsattsarin ƙashi suka zube. Tsoho Maslen ya sa ƙafa ya watsa su, ya ce, "Taki ne. Ci gaba."

Tun daga ranar Percy bai ƙara zama daidai ba. Ba wai ya zautu ba, a'a. Ya yi aikinsa, ya sha giyarsa ran Asabar, ya reni 'yarsa Brenda. Amma duk shekarar da aka yi fari, sai ramin da mutanen farko suka haƙa kewaye da tudun ya tona kansa. Ƙasar da ta cike ramin ta fi alli riƙe laima, saboda haka alkamar da ke kanta sai ta tsaya kore, ta ɗara sauran tsawo da tafin hannu guda. Percy zai dawo gida ya ture kwanon abinci ya ce, "Ya sake fitowa, Hilda. Mai wurin yana tambayar inda na kai shi." Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, wasiyyarsa ɗaya ce. A ƙona gawarsa yadda wasunmu ke yi, a zuba tokar a tukunya, a binne a tsakiyar zoben, ya zauna wa mutumin a gurbinsa.

"Amma na ɗan lokaci ne fa," in ji shi. "In naki ya matso, ki ɗauko ni a sa mu rami ɗaya. Ba na son in dawwama a ɗakin baƙo."

Ta kuwa cika masa. Shekara biyu tokar tana cikin kabad tana jiran fari. Da zoben ya fito, ita da wani abokin Percy, wanda shi ma yanzu ya rasu, suka haƙa rami mai zurfin da garma ba ta kaiwa. Tukunyar da take jiƙa albasa a ciki ta sa shi, wata ja mai duhu mai kunne ɗaya, ɗayan ya karye tun Brenda tana rarrafe. Ta auna wurin da kyau: taku ɗari da sha biyu daga tsohuwar itaciyar da ke cikin shinge, a miƙe da hasumiyar coci. Shekara na zagayowa Roland, wanda ya gaji ubansa, ya tumɓuke shingen da itaciyar gaba ɗaya, ya haɗe gona uku ta zama ɗaya don sabon injin girbinsa ya ji daɗin juyawa. Shi ke nan. Hilda ta wayi gari mijinta yana wani wuri cikin eka tamanin na alkama, sama kuma ta yi ta zuba ruwa shekara tara a jere.

Yanzu ga zoben ya fito, ita kuma kwana huɗu suka rage mata a ƙauyen. Gidan da take ciki na gonar ne, aikin Percy ya ba su shi, kuma Roland ya aiko mata da takarda tun farkon shekara cewa yana buƙatar abinsa. Ran Asabar Brenda za ta zo daga garin Swindon ta kwashe ta. Hilda ba ta yi gardama ba. Abu ɗaya ta tanada, rami mai ɗaukar mutum biyu a bayan coci, kuma ba ta da niyyar shigarsa ita kaɗai.

Kun san me Roland zai yi da gidan? 'Yan zobe zai ba haya.

Su 'yan zobe kashi biyu ne. Akwai masu yi, samari marasa aikin yi da ke zuwa cikin duhu da katako da igiya su kwantar wa mutum da alkama, su zana zobba da taurari da abin da ba shi da suna. Akwai kuma masu gani, waɗanda ke zuwa daga ko'ina, har Jamus da Amurka, su tuɓe takalma su kwanta a ciki, wai mutanen sama ne suka aiko da wasiƙa, wai shi ya sa zanen ba ya fitowa sai kusa da tsofaffin duwatsu da tuddai. Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa nan ne masu katakon suka san za a samu wurin hawa a yi kallo. Roland ya tsane su duka biyun. Ko a makon da ya wuce an yi masa zane a gonar bakin hanya, kafin ya karya kumallo ya hau injin girbi ya yanke shi tas, mutane suna tsaye a bakin shingen waya, wata har da hawaye. Amma su ɗin ne zai ba gadon Hilda su kwanta. Haka yake, kuma haka ubansa yake.

Tana nan tsaye a kan tudun sai ga biyu daga cikin masu ganin sun hauro suna haki, namiji mai gashi har kafaɗa riƙe da siraran sandunan tagulla biyu na neman abin da ke ɓoye a ƙasa, da mace mai kyamara a wuya.

"Sannu, Iya," in ji macen. Sai ta dubi inda Hilda ke duba, ta dafe ƙirji. "Kai! Kai! Dubi can! Ba a kwantar da komai ba, tsiro ya yi a haka!"

"Wannan ba aikin katako ba ne," in ji namijin. "Wannan na gaske ne. Iya, yaushe ya bayyana? Kin ga wani haske a sama?"

"Na ga rana," in ji Hilda. "Bututun ruwa ne ya fashe a ƙasa, ɗan nan. Kowa a nan ya sani."

"Bututu zagayayye?"

"Mu a nan haka muke yin su."

Suka yi dariya, suka ce tsohuwar nan da ban dariya take. Amma tana jin su suna cewa jibi wani mai ƙaramin jirgin sama zai tashi, za su sa shi ya ɗauki hoto ta sama, sauran jama'a kuma a gaya musu a mashaya. In suka cika gonar nan, Roland zai hau injinsa ya yanke zoben kamar yadda ya yanke wancan, ita kuma ba ta da wata shekara tara da za ta jira. Ko da ta lallaɓa ta shiga, wa zai haƙa mata? Ƙasa ta bushe kamar siminti, ita ko tulun shayi da hannu biyu take ɗagawa. Brenda ba ta sani ba, tana zaton tokar ubanta tana cikin akwatin da ke ƙarƙashin gado. Hilda ta juya maganar ta kowane gefe, ta ga hanya ɗaya ce. Za ta je ta gaya wa Roland gaskiya.

Kada ku ce wauta ta yi. Ita ta rene shi. Lokacin da uwarsa ke kwance asibiti wata bakwai, a bayan Hilda ya yi barci, ita ta share masa majina, Gwaggo yake ce mata. Tana ganin duk taurin kan mutum, akwai inda in ka taɓa zai ji.

Ta koma gida ta gasa burodin nan mai kitse da zabibi da yake so yana yaro. Ta sa rigar zuwa coci duk da zafin da ake yi. Da la'asar ta isa gidan gonar, ta same shi a tsakar gida kwance ƙarƙashin injin girbi, ƙafafunsa kaɗai ake gani.

"Sannu da aiki, maigida."

Ya zamo ya fito, ƙato mai jan wuya, hannu duk baƙin mai. "A'a, Gwaggo Hilda! Har yanzu kina nan? Ni na ɗauka an kwashe."

"Sai Asabar."

"Ki tabbata kin bar makullin ƙofar baya ma. Na san halinku, sai ku tafi da ɗaya don tunawa." Ya hango abin da ke hannunta, ya karɓa ba tare da an miƙa ba, ya zauna a kan tayar injin ya fara ci. Ga benci nan a inuwa, bai ce ta zauna ba, ita kuma ba ta zauna ba.

"Roƙo na zo yi," in ji ta. "Maganar zoben da ya fito a babbar gona ne."

"Ke ma kin shiga addininsu? To madalla. Mutanen sama sun ce me?"

"Ba na mutanen sama ba ne. Percy yana ciki."

Ya daina tauna. Sai ya fashe da dariya har zabibi ya faɗo daga bakinsa. "Percy! Shi ne ya dawo yana yi mini zane? Ki ce masa layinsa ya gyaru, da yana raye ko kunya ɗaya bai iya ja a miƙe ba."

Wannan ƙarya ce, kowa ya san babu mai jan garma kamar Percy a faɗin yankin nan. Maganar ta soki Hilda har cikin rai, amma ta haɗiye. Ta ba shi labarin tun daga farko, tana tsaye cikin rana: tudun, ranar Lahadin, katafilar, tukunyar da ta fashe, abin da ubansa ya ce. Ta gaya masa dalilin da ya sa alkama ke tsayawa kore a wurin. Ta gaya masa wasiyyar Percy da tukunyar albasa. Tana cikin magana ta lura ya daina dariya, ya ajiye burodin a kan gwiwa yana kallonta sosai. Baiwar Allah, sai ta ɗauka tausayi ne ya kama shi.

"Tudun nan," in ji shi a hankali, "yana cikin takardar gwamnati?"

"Yana ciki. Shi ya sa aka yi ran Lahadi."

"Kuma duk wanda ya san aikin tarihi, in ya ga zoben ta sama, zai gane abin da ke nan?"

"Percy ya ce haka. Ni dai ba ruwana da wannan, maigida. Abina kawai nake so in ɗauka kafin jibi, don sun ce jibi jirgi zai tashi."

"Jibi." Ya goge hannu a wando. "Wa ya san da wannan magana? Brenda?"

"Ba ta sani ba."

"Limamin coci?"

"Ba kowa. Daga ni sai kai."

"Zurfi nawa kuka yi?"

Ta nuna masa da sanda, daga ƙasa zuwa ƙugunta. Ya gyaɗa kai. Ya cinye sauran burodin, ya lashe yatsu da baƙin man da komai.

"To, Gwaggo. Gobe ƙarfe tara ki zo bakin gonar. Ni da kaina zan haƙa miki."

Sai hawaye. Ta kama hannun nan mai datti da hannayenta biyu tana cewa Allah ya yi masa albarka, Allah ya raya masa zuriya, ita dama ta san yaron da ta goya yana nan ciki. Ya zare hannunsa ya ce ta tafi ta huta. Ni ko yanzu in na tuna wannan albarkar da ta sa masa, sai in ji abinci ya fita raina.

Da ta koma gida, ta buɗe akwatin da ta riga ta ɗaure, ta ciro farin ƙyallen teburin da aka ba su ranar aure, ta goge shi sau biyu. Da shi za ta naɗe tukunyar. Gari na fara wayewa ta ji ƙarar inji daga nesa, ta ce a ranta yaron nan akwai himma, yana so ya gama wani aikin kafin tara. Ta sha shayi, ta sa rigar coci, ta ɗauki ƙyallen ta fita tun takwas da rabi.

Tun kafin ta kai bakin gonar ta ga ƙura, fara fat, tana tsaye a sama ba iskar da za ta kore ta. Da ta zagayo kwanar hanya sai ta tsaya.

Babu zobe. Ba zoben kaɗai ya yanke ba, don kada wurin ya nuna kansa; ya share tsakiyar gonar gaba ɗaya, daga wannan gefe zuwa wancan, alkamar da ba ta gama nuna ba. Bayan injin girbi kuma ya bi da babbar garma, mai dogayen haƙoran nan, ya birkice ƙasar har allin ƙarƙashi ya hau sama. Duk inda ka duba fari ne. Hilda ta buɗe ƙofar waya ta shiga. Ta yi ta tafiya cikin kunyoyin, takalmin coci yana nutsewa, tana duban hasumiya tana ƙirga taku daga itaciyar da babu ita. Ta kai ɗari da sha biyu, ta dawo ta sake daga wani wurin. Ta tona da sanda a nan, ta tona a can. Tara ta yi, tara da rabi ta wuce, ba Roland ba alamarsa.

Ta gaya wa kanta wataƙila ya haƙo tukunyar tukuna, ya kai gida don kada rana ta dake ta. Da wannan tunanin ta ja ƙafa har gidan gonar.

Ta kuwa yi gaskiya, ya haƙo. Tana shiga tsakar gida ta hango tukunyar a kan katangar da ke gefen famfo, an kifa ta tana shan iska, jiƙe sharkaf, kunnenta ɗaya yana ɗiga. Moira, matar Roland, tana wurin tana naɗe tiyo. Moira mace ce mai kirki, sai dai ba ta taɓa tambayar mijinta dalilin komai ba tun da aka ɗaura musu aure.

"Gwaggo Hilda, sannu da zuwa! Kai, dubi takalminki. Zo ki ga abin da Roland ya tono, ya ce taki ce ma. Wai ta daɗe a ƙasa amma ko tsagewa ba ta yi ba."

"Abin da ke ciki fa?" in ji Hilda.

"Wata ƙasa ce mai toka-toka da 'yan tsakuwoyi, duk ta dunƙule. Ya ce in wanke ta tas kada in bar komai. Na sha aiki, sai da na sa buroshi." Ta yi murmushi. "Albasa kike jiƙawa a ciki, ko? Uwata ma tana da irinta."

Hilda ta dubi ƙasa. Ruwan wankin ya bi ta kan duwatsun daɓen, ya gangara ta 'yar magudana, ya shige ta ragar ƙarfen da ke bakin ramin da kashin shanu da fitsarinsu ke taruwa. Daɓen ma har ya fara bushewa saboda zafi.

Sai ga Roland ya fito daga ɗakin ajiya da kofin shayi a hannu, fari fat da ƙura tun daga gira har takalmi. Ya ce wa Moira ta shiga ta ɗora wa Gwaggo ruwan zafi. Sai da ta shige sannan ya yi magana.

"Ga abinki nan. Na ce zan haƙa, na haƙa."

"Roland." Ba ta ce maigida ba. "Mutum ne. Shi ya koya maka tuƙi."

"Mutum a ina? Ni tukunyar albasa na gani." Ya kurɓi shayi. "Tsaya ki ji, Gwaggo, don kada ki ce ban yi miki bayani ba. In na ba ki ita da abin da ke ciki, ran Asabar Brenda za ta tambaya. Brenda ta gaya wa mijinta, limami ya rubuta a littafi daga ina aka tono, kafin wata ya ƙare mutanen tarihi sun zo sun kafa mini turaku a tsakiyar gona, sun hana ni sa garma, suna tambayar wa ya baje tudu. Yanzu fa? Tsohuwa ce da tukunya ba komai a ciki, tana cewa mijinta yana cikin zoben mutanen sama. Je ki faɗa. Swindon akwai gidajen da ake ajiye masu irin wannan magana."

"Ba zan faɗa wa kowa ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba."

"Kin faɗa mini." Ya ɗaga kafaɗa. "In kuma kin kai ƙara, ki tuna wa ke kan katafilar. Ubana bai iya tuƙi ba. Sunan Percy za a buga a jarida, mai fasa kabari."

Shi kuwa bai gama ba, don irinsu ba sa gamawa sai sun ga ƙarshen abin.

"Abin dariyar ma, ni ban yi niyyar taɓa shi ba. Na ɗauka injin watsa taki ne ya juya a wurin ya zubar da yawa. Ba a kwantar mini da komai ba, me zai sa in yi asarar alkama? Da kin yi shiru, ran Asabar da sassafe kin kawo surukinki da shebur, wa zai sani? Ke da bakinki kika zo, har da burodi."

Wannan ce ta karya ta. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba, ko da yake da ta zage shi da na ji sanyi. Ta jingine sandar a katanga, ta dafa famfo, ta durƙusa a hankali a kan gwiwoyin nan da suka shekara biyar ba su taɓa ƙasa ba, ko a coci. Ta shimfiɗa farin ƙyallen a gefe. Ta fara bin tsakanin duwatsun daɓen da farce, tana kankaro abin da ya maƙale, laka mai ruwan toka da 'yan ƙananan abubuwa farare, tana gogewa a kan ƙyallen. Ta bi magudanar da rarrafe har bakin ƙarfen. Ta tura yatsu ta ramukan, ba su kai ko'ina ba, wari kawai ke tasowa.

Roland ya tsaya a kanta yana kallo. Ya watsar da sauran shayinsa a gefe.

"Ki daina wahalar da kanki, Gwaggo. Ramin nan wata mai zuwa za a kwashe shi, kuma a babbar gona zan watsa. Ba can ya ce yana so ba? Taki ne."

Ya juya ya tafi wajen injinsa. Moira ta fito da tire, ta ga tsohuwa a durƙushe a bakin ramin kashin shanu da rigar coci, ta ce, "Wayyo, Gwaggo, me ya faɗi? Ɗan kunne ne? Bari in taya ki nema." Hilda ta girgiza kai. Ta ƙulle ƙyallen, ta sa shi cikin tukunyar, ta miƙa hannu Moira ta ɗaga ta. Ba ta sha shayin ba.

Washegari jirgin ya tashi, ya zaga sau biyu, ya koma. A mashaya 'yan zobe suka yi ta cewa manomin nan ya ɓata saƙo mafi girma na shekarar, har wani ya rubuta masa wasiƙar zagi. Ran Asabar Brenda ta zo da mijinta suka loda kaya. Ta ɗauko tukunyar da yatsa ɗaya ta kunnen, ta ce, "Haba Mama, wannan tsohon tarkacen ma sai mun tafi da shi? Ba wuri a ɗakin fa."

"Riƙe da hannu biyu," in ji Hilda.

A cinyarta ta ɗora ta har Swindon. Abin da ke cikin ƙyallen bai fi cokali ɗaya ba, da shi kuma aka binne ta bayan shekara biyu, a ramin nan mai ɗaukar mutum biyu. Ta sha kwance ƙullin a bakin taga ta sa tabarau ta jujjuya 'yan fararen abubuwan da allura, amma har ta mutu ba ta gane ba ko Percy ne ko alli.